Tuƙi cikin maye da yaro a mota: wa hukuncin yake cizo, uban ko yaron?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin shari'a a cikinmu, kuma don Allah a amsa mini a tsanake. A jihar Niyok ta Amurka, wanda aka kama yana tuƙi cikin maye karon farko ƙaramin laifi ya yi: tarar dala 500 zuwa 1,000, a ƙwace lasisi aƙalla wata 6, ɗauri in ma an yi ba ya wuce shekara guda. Amma da zarar akwai yaro ɗan shekara 15 ko ƙasa da haka a motar, sai ya koma babban laifi mai ɗaurin da kan kai shekara 4, ko da bai bugi kowa ba, ko da yaron barcinsa yake yi lafiya lau. Ni ba goyon bayan mashaya nake yi ba, Allah ya tsare. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in an kulle uba ko uwa shekara da shekaru da sunan kare yaro, wa aka hukunta a ƙarshe?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Hajiya, ni ban ga abin da ya kawo wannan magana zauren nan ba. Mu da ba ma sha, me ya haɗa mu da dokar mashaya? Wanda ya sha ya ji da abin da ya jawo wa kansa.

Ɗalibar Lauya: Baba, da girmanka, dokar da Hajiya ta kawo ita kanta amsa ce gare ka. Sunanta Dokar Leandra. Leandra Rosado yarinya ce 'yar shekara 11 da ta rasu a watan Oktoba na 2009 a kan titin Henry Hudson a birnin Niyok. Ba iyayenta ne ke tuƙin ba. Mahaifiyar ƙawarta ce ta kwaso su a mota bayan ta sha, motar ta kife, Leandra ta rasu, wasu yara shida suka ji rauni. Mahaifinta ne ya tashi tsaye har majalisar jiha ta yi dokar, Gwamna David Paterson ya sa mata hannu a Nuwamban shekarar. Kai ba ka sha, to amma 'ya'yanka motarka kaɗai suke shiga? Na biyu kuma, dokar ba barasa kaɗai ta kama ba. Wiwi, ƙwaya, maganin barci, maganin tari mai bugarwa, har maganin ciwo da likita ya rubuta maka da hannunsa, in dai ya taɓa maka hankali kana riƙe da sitiyari, ka shiga.

Baban Yara: Har wanda likita ya rubuta?

Ɗalibar Lauya: Har shi, Baba. Takardar likita izinin shan magani ce, ba ta zama izinin tuƙi ba. Shi ya sa suke rubuta gargaɗi a jikin kwalbar.

Anti Nas: Bari in sa baki kafin a yi nisa, don akwai abin da yawancinmu muke ɗauka a baibai. In aka ce maye ya kashe yaro a hanya, hoton da ke zuwa mana shi ne wani baƙon mashayi ya taho daga ɗaya hannun ya daki motar bayin Allah. Hakan na faruwa, amma ba shi ne mafi yawa ba. Masu bincike na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun bi alƙaluman 2001 zuwa 2010, suka tarar yara 2,344 'yan ƙasa da shekara 15 sun mutu a hatsarin da akwai direba mai maye a ciki. Kashi 65 cikin ɗari na waɗannan yaran, a cikin motar shi mai mayen suke. Kuma fiye da rabinsu ba a ɗaure su da bel ba. Wannan na ƙarshen ne ya fi ci mini rai, domin a wurin aiki na ga irinsa: kujerar yara sabuwa fil, mai tsada, an ɗora ta a bayan mota, an sa jariri a ciki, amma ba a maƙala ta da jikin motar ba. Hannun da ya kasa tafiyar da mota a miƙe shi ne dai hannun da aka bar wa ɗaura bel. Yawancin direbobin nan kuwa sun tashi da ransu.

Uwar Biyu: Anti, wannan ban musa ba ko kaɗan. Inda aka yi rauni ko rasa rai, a yi duk hukuncin da za a yi. Maganata a kan wanda bai yi hatsari ba ce.

Ɗalibar Lauya: Ai dokar ta raba su, Yaya. A Niyok in ba rauni, iyakarsa shekara 4. In yaron ya ji mummunan rauni, har shekara 15. In ya mutu, har 25. Abin da ake hukuntawa a matakin farko shi ne jefa yaro cikin haɗari, ba sakamakon ba. Dalilin masu dokar kuwa a fili yake: babban mutum da ya ga direba na tangaɗi zai iya cewa sauke ni, ko ya ƙi shiga tun farko. Ɗan shekara huɗu fa? An ɗauke shi an sa a mota, wanda ya sa shi ɗin kuma shi ne mutumin da ya fi amincewa da shi a duniya.

Kuma kada a ɗauka duk Amurka abu ɗaya ne, kowace jiha da nata. Teksas ta yi kama da Niyok a tsauri: yaro ƙasa da shekara 15, babban laifi, ɗaurin kwana 180 zuwa shekara 2, tara har dala 10,000. Arizona ma ƙasa da 15 babban laifi ne. Filorida ba ta mayar da shi babban laifi ba, ƙara hukuncin take yi: in akwai yaro ƙasa da shekara 18 a motar, tarar karon farko ta tashi daga dala 500 zuwa 1,000 ta koma 1,000 zuwa 2,000, iyakar ɗauri daga wata 6 ta koma wata 9. Kalifoniya kuwa hanya biyu ta ba mai gabatar da ƙara. Ko ya nemi ƙarin awa 48 a tsare saboda yaro ƙasa da 14, ko ya shigar da tuhuma ta daban ta jefa yaro cikin haɗari, wadda in aka ɗauke ta a babban laifi takan kai shekara 6. Daga awa 48 zuwa shekara 6 a kan aiki iri ɗaya, kun ga irin ikon da ke hannun mai gabatar da ƙara.

Tafinta: Sannunku da muhawara. Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Ni aikina fassara a kotu, ba lauya ba ne, amma na tsaya kusa da mutane da yawa a ranar da ake karanta musu irin wannan tuhuma. Hajiya Uwar Biyu, kin sa ido a kan shekarun ɗauri, ni kuwa a abin da na gani ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda bai taɓa laifi ba, bai yi hatsari ba, sau da yawa ba ya samun iyakar hukuncin. Akan sasanta, ya amsa laifi, a ba shi ɗaurin talala, tara, da ajin koyon illar maye. Ya fito yana murna ya tsira. Sai daga baya ya gane kotu biyu ce ke jiransa, ya gama da ɗaya ne kawai.

Tun daren da aka kama shi abin ke farawa. Ɗan sanda ba zai bar yaro a bakin titi ba. Zai tambayi direban, wa za a kira? In akwai uwa ko wani ɗan'uwa mai hankali a kusa, ya zo ya ɗauka. In babu, jami'an kare yara ne za su zo. Akwai wani bawan Allah da na yi wa fassara, aka tambaye shi lambar matarsa, maye da firgici suka hana shi tunawa, wayarsa kuma ta mutu. 'Yarsa ta kwana a hannun mutanen da ba ta taɓa gani ba, da takalmi ƙafa ɗaya. A kotu da alƙali ya zo kan wannan wurin, ban ƙarasa fassara jimlar ba ya sunkuyar da kai, don ya riga ya san abin da za a ce.

A Niyok, in direban uba ne ko uwa ko mai riƙon yaron, wajibi ne ɗan sanda ya kai rahoto ga rajistar jiha ta cin zarafi da sakaci da yara. Daga nan sai bincike: a zo gida, a buɗe firij, a duba inda yara ke kwana, a keɓe da kowane yaro a yi masa tambayoyi, a je makaranta. Kotun iyali kuma ba ta buƙatar hujja mai ƙarfin ta kotun laifi. A can sai an kawar da kokwanto, a nan rinjayen hujja ya isa. Saboda haka mutum na iya kuɓuta a ɗaya ya faɗi a ɗaya. Na ji alƙali ya ce wa uba, ba za ka tuƙa 'ya'yanka ba, ba za ka gan su ba sai da wani a zaune yana kallo.

Uwar Biyu: To Malam, ai ka ƙara mini ƙarfi ne. Yarinyar da ta kwana wurin baƙi, laifin me ta yi?

Tafinta: Ba ta yi ba, Hajiya. Amma ki tambayi kanki wa ya kai ta can. Ɗan sandan ba shi da zaɓi na uku, ko ya miƙa ta ga wani, ko ya mayar da ita motar.

Kawu Direba: Ni ta ɓangaren tuwo zan duba... a'a, bari in ce ta ɓangaren aiki. Babbar mota nake ja. Mu masu lasisin haya a Amurka, ma'aunin barasa a jini da aka yanka mana a bakin aiki 0.04 ne, rabin na sauran mutane da yake 0.08. Kuma in aka same ka da laifin tuƙi cikin maye, ko a ƙaramar motarka ta gida ce ranar hutu, lasisin hayarka ya tafi shekara guda. Karo na biyu, har abada. Ka haɗa da tambarin babban laifi a takardunka. Duk inda ka nemi aiki sai sun bincika, gidan haya ma haka. Aikin makaranta, aikin jinya, renon yara, tasi, duk ƙofofin nan sun rufe. Inshora kuma ta yi tashin gwauron zabi. Ga kuɗin lauya, ga kuɗin janye mota, ga kuɗin aji. Tarar da alƙali ya yanka ita ce mafi sauƙi a cikin lissafin.

Na Kanada: Kawu ka bar babba a baya: takardun zama. Mu nan Kanada tun Disamban 2018 aka ɗaga iyakar hukuncin tuƙi cikin maye zuwa shekara 10. Mutane suka ce ai ba wanda za a ɗaure shekara 10 a karon farko, gaskiya ne, mafi ƙarancin hukuncin karon farko tarar dala 1,000 ce. Amma dokar shige da fice ba ta tsaya ga abin da aka yanka maka ba, tana duba iyakar abin da laifin zai iya jawowa. Laifin da iyakarsa ta kai shekara 10 ya shiga sahun manyan laifuka, ko mai izinin zama na dindindin zai iya rasa matsayinsa a kore shi. Sannan kundin laifuka ya lissafa fasinja ɗan ƙasa da shekara 16 cikin abubuwan da dole alƙali ya ƙara wa hukunci nauyi saboda su. Tun wannan gyaran kuma, ɗan sandan da ya tsayar da kai bisa ƙa'ida zai iya cewa ka hura na'urar auna barasa a numfashi ko bai ji warin komai ba.

Ɗalibar Lauya: A Amurka ma akwai wannan tarkon, ko da yake ta wata ƙofa yake shigowa. Tuƙi cikin maye shi kaɗai, a karon farko, galibi ba ya sa a kori mai katin zama. Kotun Ƙoli a 2004, a shari'ar Leocal, ta ce ba ya cikin laifukan amfani da ƙarfi. Amma dokar shige da fice tana da sashe na daban da ya ce a kori baƙon da aka samu da laifin cin zarafin yaro ko sakaci da shi, kuma hukumar ɗaukaka ƙarar shige da fice ta fassara shi da faɗi, har ya kan haɗa da jefa yaro cikin haɗari ba tare da ya ji rauni ba. To kun ga inda matsalar take. Mai gabatar da ƙara ya ce, amsa laifin jefa yaro cikin haɗari in sassauta maka na tuƙin, ba ɗauri. Mutum ya ga sauƙi ya sa hannu, ashe takardar korarsa ya sa wa hannu. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Padilla a 2010 wajibi ne lauya ya faɗa wa wanda yake karewa in amsa laifi zai iya jawo masa kora. Duk da haka wanda ba ɗan ƙasa ba kada ya amsa komai sai lauyan shige da fice ya ga takardar.

Baban Yara: Ikon Allah. To in mutum ya ƙi hura na'urar fa? Ba hujja, ba shari'a.

Kawu Direba: Hahaha, Alhaji, sun riga ka tunani. Ranar da ka karɓi lasisi ka riga ka amince da gwaji. A Niyok ƙin hurawa kaɗai na jawo ƙwace lasisi aƙalla shekara guda da tarar dala 500, kuma za a faɗa wa kotu cewa ka ƙi. In suna son jini, alƙali ya ba su waranti su ɗiba. Ga kyamarar jikin ɗan sanda tana ɗaukar yadda kake magana da yadda kake tafiya.

'Yar Ingila: Mu a Ingila ba mu da doka ta musamman irin ta Leandra. Ma'auni miligiram 80 ne na barasa a cikin mililita 100 na jini, Sikotland ta sauke nata zuwa 50 tun Disamban 2014. Hukunci ɗauri har wata 6, tara ba iyaka, hana tuƙi aƙalla shekara guda, in ka maimaita cikin shekara 10 kuma shekara 3. Ɗaukar fasinja yana cikin abubuwan da ke ƙara nauyin hukunci, balle yaro. Ƙin ba da numfashi laifi ne mai hukunci kusan iri ɗaya. Akwai kuma wata tsohuwar doka ta 1902 da mutane ba su sani ba: kasancewa cikin maye a bainar jama'a kana kula da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 laifi ne mai zaman kansa, ko a ƙafa kake. Kuma ba sai motar na tafiya ba. Kana zaune a ciki da makulli, ka haura ma'auni, ana iya tuhumarka da kasancewa mai iko da mota cikin maye, ɗauri har wata 3. Inda aka rasa rai kuwa, tun 2022 iyakar hukuncin ta tashi daga shekara 14 zuwa ɗaurin rai da rai. Ma'aikatan jin daɗin yara su ma za su ƙwanƙwasa ƙofa, kamar yadda Malam Tafinta ya faɗa.

Anti Nas: Akwai waɗanda ake kamawa da safe, a hanyar kai yara makaranta, suna rantsuwa ba su sha komai ba yau. Kuma gaskiya suke faɗa. Hanta aikinta take yi a hankali, ma'aunin jini na sauka kimanin 0.015 ne a awa. Wanda ya daina sha ƙarfe 2 na dare yana kan 0.16, ƙarfe 7 na safe yana wajen 0.085, har yanzu ya haura 0.08. Wanka da ruwan sanyi, kofi mai ƙarfi, barcin awa huɗu, babu wanda ke rage ko ɗigo. Sai dai ya farka garau a ganinsa. Jihar Yuta ta Amurka ma ta sauke nata ma'aunin zuwa 0.05 tun ƙarshen 2018.

Uwar Biyu: Na gode muku duka, na ƙaru. Amma ku yi haƙuri, har yanzu ba a amsa mini ba. Kun lissafo mini ɗauri, rasa aiki, rasa riƙon yara, kora daga ƙasa. Kowanne a cikinsu a kan yaron yake sauka. Uban da aka kora, wa zai biya haya? Tambayata ita ce, duk wannan tsaurin ya rage mutuwar yaran kuwa?

Ɗalibar Lauya: Yaya, a nan kam dole in ba ki gaskiyarki. Akwai binciken da aka wallafa a 2016 da ya kwatanta jihohin Amurka kafin da bayan kafa irin waɗannan dokoki, bai ga sun rage yawan yaran da ke mutuwa a motar direba mai maye ba. Dalilan da ake kawowa su ne mutane da yawa ba su ma san da dokar ba, sannan wajen sasantawa a kotu tuhumar yaron ce ake yawan yarwa. Akwai kuma dokar tarayya ta 1997 da ta ce in yaro ya yi wata 15 cikin wata 22 a hannun riƙon gwamnati, jiha ta nemi a yanke haƙƙin iyayen gaba ɗaya, sai dai in akwai togiya, misali yaron na wurin dangi. Ki auna uwar da ita kaɗai ke riƙe da 'ya'yanta, ba ta da kowa a kusa, aka ba ta shekara 2 a Teksas. Tana iya fitowa ta tarar a idon doka ba 'ya'yanta ba ne. Ban ce wannan ƙaramin abu ba ne.

Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne ɗaya rabin Dokar Leandra, wanda ba a cika magana a kansa ba. Tun Agustan 2010 duk wanda aka samu da laifin tuƙi cikin mayen barasa a Niyok, da yaro ko babu, sai ya sa na'urar kulle inji a motarsa. Ba za ta tashi ba sai ka hura, kana cikin tafiya ma takan nemi ka sake. Hukumar CDC ta ce tana rage maimaita laifin da kimanin kashi 70 cikin ɗari muddin tana jikin motar. In an cire ta, amfanin ya ragu sosai, sai in an haɗa da magani.

Kawu Direba: Kuma akwai marasa kunyar da ke miƙa wa yaron bututun ya hura musu. Shi ya sa na yanzu da yawa ke zuwa da kyamara. Wanda aka kama da wannan, sabon laifi ne a kan tsoho.

Tafinta: Hajiya, in ra'ayina kike so, ga shi. Ban yarda ɗauri mai tsawo ga wanda bai yi hatsari ba yana gyara komai ba, na fi son a tilasta masa magani, a sa masa na'ura, a sa masa ido sosai. Amma ban yarda a mayar da shi ƙaramin laifi kamar wuce danja ba. A tsawon zamana a kotu, da wuya ka ga wanda ranar da aka kama shi ita ce ranar farko da ya yi. Ranar farko ce da aka gani. In ka saurari rahoton jami'an yara, sai ka ji babbar 'yar tana cewa ta san in Baba ya fara waƙa a mota to ta riƙe ƙaninta da kyau. Yarinyar da ta koyi wannan dabarar ba jiya ta fara shiga motar ba. Nauyin tuhumar ne ke ba alƙali sandar da zai tilasta magani da ita. In ka cire sandar, mutumin zai biya tara ya koma.

Uwar Biyu: Wannan na ji shi, Malam. Sandar ta kasance a hannu, amma kada a yi saurin dukan da zai karya gidan. Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne kora daga ƙasa a kan karon farko. Ɗan ƙasa ya yi aji ya koma gidansa, baƙo ya yi laifi iri ɗaya a raba shi da 'ya'yansa har abada.

Na Kanada: A kan wannan ina tare da ke, Hajiya. Lauyoyin shige da fice a nan sun yi ta ƙorafi a kansa tun lokacin da ake tsara dokar.

Baban Yara: Ni kuma ban tare da ku. Baƙo ya fi kowa sanin cewa a kan sharaɗi yake zaune.

Shugaban Zaure: Jama'a, wata 'yar'uwa ta turo mini saƙo ta akwatin sirri, ta ce a saka ba suna. Ta rabu da mijinta, kotu ta ba shi yara duk ƙarshen mako. Wani lokaci in ya zo ɗaukarsu tana jin wari a bakinsa. Tana tsoron in ta hana shi a ce ta saɓa umarnin kotu, in ta ba shi kuma wani abu ya faru. Me za ta yi?

Ɗalibar Lauya: 'Yar'uwa, ni ɗaliba ce, kuma doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka ki nemi lauyan iyali ko ofishin taimakon shari'a kyauta a inda kike cikin makon nan. Amma a dunƙule, kada ki sa yara a motar wanda kike ganin yana cikin maye. Iyayen da suka sani suka miƙa, su ma ana iya tuhumarsu da gazawa wajen kare yaro. Abin da ba a so shi ne ki hana shi kawai ki yi shiru, don shi ne zai riga ki zuwa kotu. In ya zo a haka, ki kira 'yan sanda a lokacin, su zo su gani da idonsu, rahotonsu ya fi maganarki nauyi. Ki tura masa saƙo a rubuce cewa ba ganin yaran kika hana shi ba, tuƙa su a wannan halin kika hana, ya turo wani ya ɗauke su ko ya dawo in ya warware. Ki rubuta rana da lokaci da abin da kika gani. Sannan ki shigar da buƙatar gaggawa a gyara umarnin. Alƙali na iya sa a riƙa miƙa yaran a gaban wani, ko a wajabta masa gwajin numfashi kafin ya ɗauke su, ko na'urar kulle inji.

Anti Nas: In yaran sun yi wayo, ki koya musu lambarki da ka, da lambar gaggawa ta ƙasar da kuke. Ki faɗa musu in ba su natsu da shiga mota ba, da kowa ne, su kira ki, ba za ki yi faɗa ba. Kada dai ki mayar da su 'yan leƙen asirin ubansu, kotun iyali ba ta son wannan, kuma yana yi musu nauyi.

Tafinta: Ƙari ɗaya, 'yata. In za ki je kotun kuma harshen ƙasar bai zauna miki sosai ba, ki nemi tafinta tun ranar da kike shigar da takarda, kada ki bari sai ranar zama. Kuma kada ki yarda ɗanki ko wani dangin mijin ya fassara miki.

Shugaban Zaure: Ta ce ta gani, ta gode. Ta ƙara tambaya ko saƙonnin waya da ya taɓa turo mata cikin dare yana maye za su yi amfani.

Ɗalibar Lauya: Za su iya yi. Kada ta goge ko ɗaya, ta ɗauki hotonsu yadda rana da lokaci da lambarsa za su fito, ta ajiye kwafi a wani wuri ban da wayar, ta kai wa lauyan ya zaɓi wanda zai shigar.